Ina haɗa banjo da ƙwarya, fata ta lalace mini sau biyu: masu sani ku taimaka

Kafintan Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Tudun Wadan Zariya, gadaje da kujeru nake yi, bana shekarata 14 a sana'ar. Katako na san shi, fata kuwa ban san kanta ba, shi ya sa na kawo kukana wurinku.

Kakana na wajen uwa makaɗin gurmi ne. Ya rasu ina ɗan shekara 9, gurmin nasa kuma ya salwanta a wani tashi da aka yi daga tsohon gida. Bara wani yaron shagona ya nuna mini bidiyo a YouTube, wata baƙar fata Ba'amurkiya tana kaɗa banjo irin na da, mai fatar dabba da tsirkiya mai taushi. Wallahi ina jin amon sai da na ajiye zarto. Ba irin ƙarar nan mai kaifi ta banjon ƙarfe ba ce, murya ce mai kauri, mai zurfi, irin wadda nake ji a zauren kakana da daddare. Tun ranar na ƙudura sai na haɗa nawa da hannuna.

Ga inda na kai. Na samu ƙwarya mai kauri, faɗin bakinta santimita 26, kaurin bangonta ya kusa milimita 8. Wuyan na sassaƙa shi da maɗaci, na liƙa siririn katakon kanya a fuskarsa inda yatsu za su riƙa dannawa, ban sa masa ƙarafunan nan na gicciye irin na jita ba. Ƙafar wuyan ta ratsa ƙwaryar ta ɓullo ta ɗaya gefen, a nan ake ɗaure tsirkiya. Daga inda tsirkiya ta tashi a kai, wato can ƙarshen wuyan, zuwa inda jaki zai zauna, wato ɗan katakon da ke tallafe tsirkiya a kan fata, santimita 64 ne. Tsirkiya 5, duka na zaren kamun kifi. Wannan ɓangaren duk ya yi yadda nake so.

Fata ta farko wurin dukawa na saya, jemammiya, mai laushi da kyan gani. Na jiƙa ta, na ja, na buga ƙusoshi irin waɗanda muke sa wa kushin. Da ta bushe na ɗora jaki, sai ya nutse a ciki. Amon kamar ana dukan matashi. Na cire.

Ta biyu fatar ragon layyata ce. Tun da Sallah na barbaɗa mata gishiri na shanya na ajiye. Watan jiya na aske ta da reza, na jiƙa ta a ruwan zafi don ta yi saurin laushi, na ja ta da filaya iya ƙarfina, na kafa ƙusoshi na kewaya daga hagu zuwa dama, sannan na ajiye a rana a kan kwanon shago. Kwana biyu tana ba da amo mai daɗi, har na kira maƙwabta suka ji. Rana ta uku da asuba na tarar ta yage daga bakin ƙusoshi uku, ƙwaryar ma ta yi ɗan tsagu kamar rabin yatsa. Abin ya yi mini ciwo sosai.

To wace fata ce ta dace? Yaya ake cire gashi ba a raunata ta ba? Kuma iya ina ake ja a tsaya? Wani abokina ya ce in daina wahalar da kaina, in nemi fatar roba ta gangar makaranta in yanka. Zuciyata ba ta so, amma idan ita ce mafita ku gaya mini gaskiya.

Ɗan Majema

Wa alaikumus salam, Malam Kafinta. Sannu da ƙoƙari. A gidan jima aka haife ni a Kano, mahaifina da yayyensa duk majema ne, kuma masu ɗaurin kalangu da ganga wurinmu suke zuwa zaɓen fata. Bari in bi maka ɗaya bayan ɗaya.

Fata ta farko ba ta da laifi, aikinta ne ba wannan ba. Duk fatar da ta sha bagaruwa ta gama ja ke nan har abada. Abin da jima ke yi shi ne ta hana fata ƙanƙancewa da taurin nan idan ta bushe, don a samu yin takalmi da jaka da gidan wuƙa. Kai kuwa wannan ƙanƙancewar kake nema, ita ce ke ɗaure fata a bakin ƙwarya har ta yi magana. Saboda haka ɗanyar fata za ka nema, wadda aka cire wa gashi da nama aka shanya kawai.

Ta biyu kuwa, ka yi haƙuri, abubuwa da yawa suka taru a kanta. Mafi muni ruwan zafi. Ɗanyar fata idan ta ji zafin da hannu ba zai iya daɗewa a ciki ba, ta fara dahuwa, kamar yadda ganda ke yi a tukunya. Ido ba zai gani ba, amma ƙarfinta ya tafi. Sannan gishiri: idan ba a wanke shi tas ba, ya zauna a ciki yana jan raɓa, fata ta saki da dare ta ɗaure da rana, kullum tana wahala. Ga rana a kan kwano, a cikin hunturu. Fata ba ta son a gaggauta ta.

Ka nemi fatar jar akuya, irin ta Sakkwato da Maraɗi, wadda ba ta tsufa ba, kuma mace ta fi bunsuru don ta fi siriri da santsi. Wannan fatar ce Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, alhali daga nan take tafiya ta hamada. Ka je wurin mahauci da sassafe ka tsaya a feɗe a gabanka, ka roƙe shi ya yi da hannu, ya rage sa wuƙa. Ka ɗaga ta ka duba da hasken rana. Duk inda wuƙa ta shafta ko kaska ta ci zai nuna, kuma daga nan take yagewa.

Cire gashi hanya biyu ne. Mu a gida ruwan toka muke jiƙawa kwana biyu ko uku har gashin ya fara tsigewa da yatsa, sannan a ɗora a kan itace mai santsi a kankare da kartaji. Idan ka bi wannan, ka ɗauraye ta da ruwa mai yawa sau da dama, don ragowar toka tana sa fata ta yi gautsi. Tunda fata ɗaya ce tak, ni na fi so maka aski: ka kafe ta a kan allo ta bushe a inuwa, ka aske da sabuwar reza kana bin kwanciyar gashi, ka goge da samfefa mai laushi. Cikin ma ka kankare duk wata tantani da kitse.

Ranar ɗauri, ka yanko da'ira da ta ɗara bakin ƙwarya da kamar yatsu huɗu ko'ina, don ka samu abin kamawa. Layin gadon baya ya fi kauri, ka daidaita shi ya bi tsawon tsirkiya. Gefen gashi ne ke kallon sama. Ruwan randa, kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, har ta yi laushi kamar tsumma, sai ka naɗe ta a zani ta tsane. Ƙusa kuma ba a kewayawa da ita. Yadda bakanike ke ɗaure notin taya, haka za ka yi: ɗaya a nan, ɗaya a kishiyarta, sannan hagu, sannan dama, kana raba tsakani har ka cika. Filaya ka ajiye ta. Da hannu ake ja, iya abin da zai kawar da tamoji. Idan ka danna tsakiya da yatsa tana jiƙe ta ɗan lotsa, daidai ne, bushewa za ta ƙarasa sauran aikin.

Ka rufe ta da zani ka sa a ɗaki, nesa da iskar taga, kwana biyu cur kafin jaki ya hau kanta. Allah ya ba da sa'a.

Bazazzagi a Baltimo

Ɗan'uwa, na yi murna da ganin wannan tambaya daga gida. Ina zaune a Baltimo ta Amurka, kuma na haɗa banjon ƙwarya guda biyu tare da wasu abokai a nan. Abin da kunnenka ya ji ba kuskure ba ne. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma su suka ƙirƙiro banjo a tsibiran Karibiyan. Wani likita ɗan Birtaniya, Hans Sloane, ya je Jamaika a 1687 ya ga suna kaɗa shi, kuma zanensa ya fito a littafin da ya buga a 1707: duma ne da fata da dogon wuya. Masu bincike sun fi nuna akontin na ƙabilar Jola da ke Senegal da Gambiya da Gini Bisau, don shi ma ƙwarya ce, yana da gajeriyar tsirkiya ɗaya da babban yatsa ke kaɗawa, sauran kuma a buge su da bayan farce. Gurmi da molo da garaya danginsa ne na gida ɗaya. Bambancin da aka samu a can shi ne wuya mai shimfiɗaɗɗiyar fuska da kunnuwan murɗawa, waɗanda aka aro daga kayan kiɗan Turawa, maimakon sanda kewayayya da kallabin fata da ake turawa sama ko ƙasa.

Malam Ɗan Majema ya faɗi gaskiya a kusan komai, sai dai zan ɗan kare rago. Banjo mafi tsufa da ya rage a duniya, wanda wani soja mai suna John Stedman ya ɗauko daga Suriname a shekarun 1770, yana Leiden ta ƙasar Holan yanzu, kuma shi da kansa ya rubuta cewa fatar tunkiya ce a kansa. Don haka ina ganin ruwan zafin ne ya kashe taka.

Maganar damina da hunturu kuwa, ka shirya mata tun yanzu, domin fata tana saki da damina, ta ɗaure da hunturu. A garin nan da nake, wani mai ƙera ganguna, William Boucher, ya fara sayar da banjo a shekarun 1840 mai zoben katako da ƙugiyoyin ƙarfe, yadda za a iya ƙara ɗauri ko a sassauta. Fatar roba ta shigo ne a ƙarshen shekarun 1950, makaɗa suka rungume ta don ba ruwanta da yanayi. Naka na ƙusa ba shi da abin murɗawa, saboda haka maganinka jaki biyu ne ko uku. Gajere na kamar milimita 13 don hunturu lokacin da fata ta ɗaure, dogo na kamar milimita 16 ko fiye don Agusta lokacin da ta saki. Ka yi su da katako marar nauyi, masu ƙafa biyu, sirara. Jaki mai nauyi yana shaƙe murya.

Awonka na 64 ya yi. Kunnen gajeriyar tsirkiya ta biyar zai zauna santimita 16 daga kai, wato kwatan tsawon. Ka tabbatar jaki ya faɗo kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin fata daga gefen wutsiya, wato inda ake ɗaure tsirkiya, kada ya zauna a tsakiya cif, nan ne amo ya fi mutuwa. Ka duba kuma ƙafar wuyan da ta ratsa ciki ba ta taɓa fata daga ƙasa, ka bar tazarar yatsa ɗaya aƙalla. Waya ta ƙarfe kada ka kusanto da ita, ƙwarya ba za ta ɗauka ba.

Tsagun da ka ce, ina zargin ba ka huda ba kafin ka buga. Ka riga ka huda kowane rami da siririyar basilla, tazarar kamar santimita 2, a layi biyu masu saɓani don kada su haɗu su zama tsaga ɗaya. Ka liƙa siririn katako mai lanƙwasuwa ta ciki a bakin ƙwaryar, ƙusa ta samu abin kamawa. Ka kuma shafa gam kaɗan a gefen waje inda fata za ta kwanta, ban da saman baki.

Ɗan Majema

Na karɓi gyara, Malam, kuma ban san da labarin wancan na Holan ba, na ƙaru. Tumakinmu masu gashi, irin su Uda da Balami da 'Yankasa, fatarsu ta fi ta masu ulu ƙarfi nesa, shi ya sa kamfanonin waje ke nemanta don safar hannu. Amma ragon layya daban ne. An turke shi wata da watanni yana cin dusa da harawa, kitse ya shiga tsakanin fatar, idan ta bushe sai ka ga tana neman rabuwa gida biyu. Wanda ya ƙware zai iya da ita. Mai koyo dai ya fara da akuya.

Ma'aikaciyar Dabbobi

Sannunku da aiki. Abu ɗaya zan ƙara, don aikina ne duba dabbobi a mayanka. Don Allah kada a sayi busasshiyar fatar da ba a san asalinta ba, kuma kada a taɓa ta mushe ko ta dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya. Cutar antaraks, wadda makiyaya ke ce wa ciwon saifa, ƙwayoyinta suna daɗewa shekaru a jikin fata da gashi, kuma askin busasshiyar fata shi ke tayar da ƙurar da ake shaƙa. An tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja a watan Yulin 2023. A Amurka da Birtaniya ma an samu masu haɗa ganguna da suka kamu ta wannan hanya, a 2006 da 2008. Shawarar Malam Ɗan Majema ta a tsaya a feɗe lafiyayyar akuya a gabanka ita ce daidai. Lokacin aski ka yi a waje, ka ɗan yayyafa ruwa, ka rufe hanci, idan akwai ciwo a hannunka ka sa safa.

Mai Gurmi daga Maraɗi

Salamu alaikum. Ni ban taɓa riƙe banjo ba, gurmi nake kaɗawa shekara fiye da 20, to abin da na sani na fata a kan ƙwarya zan faɗa. Yaro, kar ka yarda da maganar roba. Fata tana saki, gaskiya ne, amma mu ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin aibi ba. Da damina kafin in fara wasa nakan ajiye gurmina inda rana ke taɓawa kaɗan, ko in kara shi nesa da garwashi ina shafawa da tafin hannu ina ƙwanƙwasawa har muryar ta tashi. Nesa fa na ce, inda hannunka zai iya tsayawa ba ka janye ba. Da hunturu kuma ba na rataye shi a bango, cikin jakar zani yake kwana, a ƙasa, kusa da randa. Ranar da iska ta yi tsanani na kwantar da jaki in na gama.

Mai kuma kar ka shafa mata. Na ga masu sa man kaɗanya wai don kada ta tsage, sai muryar ta mutu. Zufan hannunka ya ishe ta.

Ka huda wa ƙwaryar rami a gefe, kamar faɗin bakin kofin shayi, ta samu inda za ta yi numfashi. Kuma tunda kakanka ɗan sana'a ne, in ka gama ka yi masa addu'a kafin ka fara taɓa tsirkiya. Allah ya jiƙansa.

Kafintan Tudun Wada

Amin, Baba, na gode ƙwarai. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru mako uku ne don ina so in dawo da labari a hannu.

Na samu fatar jar akuya wurin wani mahauci a unguwarmu, a gabana aka feɗe. Na kafe ta a kan allo a bayan shago inda rana ba ta kai wa, ta yi kwana huɗu, na aske a waje da takunkumi a hanci kamar yadda Hajiya ta ce. Tsohuwar ƙwaryar ban yar ba. Na kai wa wani gyartai ya ɗinke tsagun, na bi da gam da ƙyalle ta ciki, na lanƙwasa siririn katako na liƙa a baki. Ramuka 76 na huda, layi biyu. Wata dabara da ta zo mini da kaina: kafin in buga ƙusa ko ɗaya, na yanka robar cikin tayar keke na ɗaure fatar da ita a kewayen ƙwarya, sai ya zama ina iya ja kaɗan-kaɗan ta ƙarƙashin robar ina gyara tamoji, ita kuma tana riƙe mini. Ta sauƙaƙa aikin ƙwarai, musamman wurin da wuya ya shiga ƙwarya, inda fata ke taruwa.

Abin da ya fi mini wuya shi ne barinta da ɗan saki. Na danna tsakiya ta lotsa, hannuna yana ta ƙaiƙayin in ƙara ja, na tuna maganar Malam na rufe da zani na kulle a ɗaki. Washegari da yamma na ƙwanƙwasa da farce ta cikin zanin, na ji ta amsa. Kwana na biyu ta ɗaure tamau, ta yi haske har ana ganin inuwar sandar da ke ciki, layin gadon bayan ya miƙe ƙarƙashin tsirkiya ta uku.

Na yi jaki uku da ragowar katakon akwati. Gajeren ne a kai yanzu, yau kwana 12, kuma an yi ƙura mai tsanani a makon nan ba ta motsa ba. Cikin jaka yake kwana kusa da randa.

Ranar Juma'a na kai wa mahaifiyata. Ban iya wani kiɗa ba tukuna, tsirkiyoyin kawai na bi ɗaya bayan ɗaya, babban yatsa a kan gajeriyar. Ta karɓa ta juya shi, ta shinshina fatar, ta ce ƙamshin ɗakin babanta ke nan. Sannan ta rera mini wani amshi da yake yi wa manoma, ta ce in nemo shi a jikin tsirkiya kafin in sake zuwa.

Saura matsala ɗaya. Tsirkiya ta huɗu, mai kaurin milimita 1, tana da rauni kuma tana ɗan zizar idan na danna kusa da kai. Malam na Baltimo, in ƙara kauri ne, ko in ɗaga ramin da take zaune a ciki?